Gyara ɗaya, gini uku: Yadda tsarin folda zai rage maka jira, da inda zai iya yaudararka

Ka taɓa gyara harafi ɗaya tak a cikin aikinka, sannan ka zauna minti ashirin da ɗoriya kana kallon wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa yana ta juyi a allo? Idan kana cikin matasan da suka fara gina manhaja tare da abokai, na san ka gane abin da nake nufi. Ga ka zaune a Yelwa, laftof a cinya, waya a gefe tana ba ka intanet tana ta ɗaukar zafi. An kawo wuta bayan la'asar, kuma duk da cewa ruwan da ke juya injinan Kainji ta ƙofar gidanmu yake wucewa, babu mai iya rantse maka wutar za ta kai magariba. Abin da ka taɓa bai wuce kuskuren rubutu a takardar bayanin aiki ba. Amma injin can ya ɗauki abin da zafi: ya sake gina manhajar waya tun daga tushe, ya gwada uwar garke, ya sake haɗa shafin intanet. Kai kuma kana jira ya gama kafin ka haɗe gyaranka da na abokai.

Akwai maganin wannan, kuma bai wuce layi biyar ko shida ba. Ana gaya wa injin ya duba foldar da aka taɓa, ya yi aikin da ya shafe ta, ya ƙyale saura. Sai dai maganin yana da sharaɗi. Idan ka tsallake sharaɗin, jiran da ka guda zai dawo maka da abin kunya a gaban mutanen da suka yarda da kai. Zancenmu na wannan mako ke nan, da kai, da ke 'yar'uwa da kika rungumi wannan sana'a.

Wane inji ne wannan?

Bari mu fara daga tushe saboda sababbin shiga. Masu gina manhaja suna ajiye kod ɗinsu a wuri guda da za mu kira rumbu. Manhajar da ke riƙe tarihin duk wani canji a rumbun ita ce Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Shafuka irin su GitHub da GitLab su ne ke riƙe maka rumbun a intanet, domin kai da abokin aikinka ku riƙa tura gyara wuri ɗaya ko da ba gari ɗaya kuke ba.

Matsalar aikin taro ita ce, gyaran wani kan iya ɓata aikin wani ba tare da ya sani ba. Don haka aka fito da tsarin da duk lokacin da aka tura canji, wata kwamfuta a can nesa za ta tashi da kanta, ta sauke kod ɗin, ta harhaɗa shi ya zama manhaja, ta gudanar da gwaje-gwajen da kuka rubuta, sannan ta ba da sakamako: alamar kore idan lafiya lau, ja idan wani abu ya karye. Jerin waɗannan matakai shi za mu kira bututun gini da gwaji, tunda kod na shiga ta baki ɗaya ya fita ta ɗaya bakin a tace. A GitHub sunan wannan hidima GitHub Actions, wadda aka buɗe wa kowa a watan Nuwambar 2019, kuma umarninta na zama a cikin foldar `.github/workflows`. A GitLab kuwa umarnin na cikin fayil mai suna `.gitlab-ci.yml`.

Injin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Idan ka ce masa "duk sanda aka tura abu ka yi komai", to haka zai yi, ko da waƙafi ɗaya aka ƙara.

Mu ɗauka ku uku ne

Mu ɗauka kai da abokanka biyu kun karɓi aiki daga wata ƙungiyar masu sayar da kifi. Suna son manhajar da za ta riƙa nuna farashin banda da warangi da tarwaɗa, ta riƙe lissafin wanda ya kawo kaya da wanda ya biya, ta kuma cire la'adar dillali. Kai kana Yelwa, manhajar waya ce a hannunka. Abokinka yana Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, shi ke kula da uwar garke. Ta ukunku tana Shanga, ita ke da shafin intanet da fassarar Hausa. Kun zuba komai a rumbu ɗaya, kuka raba shi kamar haka:

`manhajar-waya/`
`uwar-garke/`
`shafi/`
`na-kowa/`
`fassara/`
`takardu/`

Foldar `na-kowa` ita ce inda kuka ajiye abin da dukkanku ke amfani da shi, kamar lissafin kuɗi da la'ada da yadda ake rubuta kwanan wata. Riƙe sunanta, za mu dawo kanta.

Yanzu mu yi lissafi, da alƙaluman misali. A ce gina manhajar waya da gwada ta na cin minti 14, gwajin uwar garke minti 5, shafi minti 3. Jimilla minti 22 ke nan a duk turawa ɗaya. Idan kowannenku ya tura sau biyu a rana, kun ci minti 132 a wuni. GitHub na ba asusun kyauta minti 2,000 a wata idan rumbun na sirri ne, kuma aikin kwastoma ai ba ka baza shi a fili ba. Raba 2,000 gida 132, za ka ga ba ku wuce kwana 15 ba mintocin sun ƙare. Daga nan ko dai ku biya da dala, ko ku ƙarasa watan babu gwaji. A GitLab ma abin ya fi matsewa, minti 400 ne na kyauta a wata.

Gaskiya ne ba datarka injin ke ci ba, tunda a kwamfutarsu yake aiki. Amma kai da ke zaune kana sabunta shafi kana jiran sakamako, datarka ce ke tafiya, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya san ba ta da arha. Ga batiri, ga lokaci.

Rariyar folda

Maganin shi ne sanya wa kowane aiki rariya. Maimakon fayil ɗin umarni ɗaya mai yin komai, sai ku yi uku: na waya, na uwar garke, na shafi. A saman kowanne sai a rubuta foldar da za ta tashe shi. Ga yadda na waya zai fara a GitHub:

```
on:
  push:
    paths:
      - 'manhajar-waya/**'
```

Ma'anar wannan ita ce: kada ka tashi sai idan cikin fayilolin da aka canza akwai wanda ke ƙarƙashin `manhajar-waya`. Taurari biyun nan na nufin duk abin da ke ciki, komai zurfinsa. Akwai kishiyarta, `paths-ignore`, wadda ke cewa ka tashi kullum sai dai idan waɗannan kaɗai aka taɓa. GitHub ba ya yarda ka haɗa su biyun a kan abu guda. Idan kana son ware wani sashe, sai ka sa alamar motsin rai a gaban sunansa a cikin jerin `paths`. A GitLab ana rubuta irin wannan da `rules` da `changes`, a Jenkins kuma da `changeset`. Sunaye ne suka bambanta, dabarar ɗaya ce.

Mu sake lissafin. A cikin turawa shida na rana, a ce biyu na waya ne, biyu na uwar garke, ɗaya na shafi, ɗaya kuma na takardu. Minti 28 da 10 da 3 da sifili, jimilla 41. A kwana 30 kun ci 1,230. Mintocin sun kai ku ƙarshen wata har da canji, kuma ita ta Shanga da ta gyara shafi ba za ta ƙara jiran ginin manhajar waya ba. Daɗi ko? To, a nan ne ya kamata ka fara taka-tsantsan.

Ruwan da ya sauka a Gini

Duk ɗan bakin kogi ya san Kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara, sau biyu yake kawo ruwa. Na farko da damina, daga ruwan saman da ya sauka a yankinmu, ga shi nan da laka. Na biyu kuwa sai cikin hunturu yake isowa, lokacin da ko gajimare babu a sama. Wancan ruwa ne da ya sauka can tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso Yauri ya shiga tafkin Kainji. Wanda ke duban samaniyar garinsu kaɗai don ya san ko ruwa zai ƙaru, zai kwana ya tarar da kwale-kwalensa ba inda ya ɗaure shi ba.

Rariyar da muka rubuta a sama samaniyar garinsu kaɗai take duba. Sunan folda ta sani. Ba ta san wane sashe ne ke shan ruwa daga wane ba.

Ga yadda abin zai faru da ku. Ƙungiyar ta ce tana son a riƙa biya ta intanet. Abokinka na Wara ya duba takardun Paystack, ya ga cewa a kwabo ake tura musu adadin kuɗi, wato Naira 100 za a rubuta ta 10000. Wannan tsarinsu ne a bayyane, kuma da yawan masu harkar biyan kuɗi haka suke yi don guje wa rikicin ɗigo a lissafi. Sai ya shiga `na-kowa` ya mayar da duk lissafin kuɗi zuwa kwabo, ya daidaita `uwar-garke`, ya tura. Bututun uwar garke ya tashi, ya gwada, ya ba da kore. Bututun waya bai motsa ba, domin babu wanda ya taɓa foldarsa. Da ya tashi, gwajin da ka rubuta na nuna farashi zai faɗi nan take, a ga ja, a tsaya. Amma bai tashi ba, kuma a allo babu ja ko ɗaya.

Washegari Hajiyar da ke shugabantar ƙungiyar ta buɗe wayarta, ta ga kwalin banda na Naira 45,000 ya koma 4,500,000. Ba za ta kira na Wara ba. Kai za ta kira, tunda kai ka zo har rumfarta ka ce mata wannan abin ya fi littafi. Ko da kun gyara cikin awa ɗaya, daga ranar za ta ci gaba da rubutawa a littafinta a ɓoye, kuma ba ta yi laifi ba. A gari irin namu da kowa ya san gidan su kowa, yarda ita ce jarin mai gina manhaja.

Gyaran wannan rami ba wuya. Kowane bututu dole ya lissafa foldarsa da duk foldar da yake dogaro da ita:

```
on:
  push:
    paths:
      - 'manhajar-waya/**'
      - 'na-kowa/**'
      - 'fassara/**'
      - '.github/workflows/waya.yml'
```

Ka lura har fayil ɗin umarnin kansa mun sa, domin idan ka canza yadda ake ginin, ya kamata a gwada sabon tsarin. Haka nan duk fayil ɗin da ke zaune a bakin rumbu yana riƙe jerin kayan aro da sigoginsu, irin su `package-lock.json`, shi ma a sa shi. Sabunta kayan aro ɗaya kan iya karya manhaja uku ba tare da an taɓa layi ɗaya a foldarsu ba.

"Ai wannan rubutu ne kawai"

Ka ga na sa `fassara` a jerin, wataƙila ka ce mene ne na gwada rubutun Hausa? Ga dalili, kuma mu Hausawa ya fi shafa. A manhajar Android, kalmomin da ke fitowa a allo suna zama a fayil mai suna `strings.xml`. A cikin wannan fayil, idan ka rubuta alamar ɗauri, wato wannan ɗan waƙafin sama da ke cikin sana'a da jama'a da 'yan kasuwa, ba tare da ka sa mata karkatacciyar sanda a gaba ko ka kulle jimlar cikin alamar zance ba, ginin gaba ɗaya zai tsaya. Bature kan yi shafi guda bai buƙace ta ba. Mu kuwa da ƙyar mu yi layi uku babu ita. Idan 'yar'uwarku ta Shanga ta ƙara jimla ɗaya mai "ma'aikata" kuma rariya ta ce fassara ba ta isa a tashi inji ba, kuskuren zai kwanta shiru har sai ranar da kai ka taɓa foldarka. Ranar za ka ga ja, ka ɓata rabin wuni kana neman laifi a gyaranka alhali ba a nan yake ba.

Manya ma sun ƙone a kan raina fayil. Ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil na bayanai zuwa kwamfutocin kwastomominsa. Fayil ɗin ya bi ta hanyar tantancewa daban da wadda ainihin kod ɗin manhajar ke bi, kuma aibin da ke cikinsa ya wuce ba a kama ba. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows ne suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Ba rariyar folda ce ta jawo nasu ba, amma tunanin iri ɗaya ne: an ware wani abu an ce wannan ba ya buƙatar cikakken bincike. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, duk abin da manhaja ke karantawa yayin gini ko yayin aiki, a ɗauke shi kamar kod. Abin da mutum kaɗai ke karantawa, irin na foldar `takardu`, shi ne za a iya tsallakewa da kwanciyar hankali.

Adireshin tsohuwar Bussa

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, bayan shekara huɗu ana aiki, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, ciki har da dangin da yawa daga cikinmu. Ka yi tunanin ɗan aiken da aka ba wa adireshin tsohuwar Bussa aka ce ya tsaya a can, duk wanda ya fito ya kawo labari. Zai shekara bai kawo labarin komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Haka rariya take idan kun canza wa folda suna. Yau kun ga `shafi` bai yi muku ba, kun mayar da ita `shafin-intanet`, kun manta da fayil ɗin umarni. Daga ranar bututun shafi ba zai ƙara tashi ba, kuma babu saƙon kuskure da zai zo, domin a wurinsa babu abin da ya faru. Don haka duk ranar da aka yi ƙaurar folda, a cikin turawa ɗaya za a gyara rariya, sannan a buɗe shafin sakamako a tabbatar da ido cewa bututun ya tashi. Ka kuma sani GitHub na da iyakar adadin fayilolin da yake dubawa a canji ɗaya. Ranar babbar ƙaura da ta taɓa fayiloli masu ɗimbin yawa, rariya na iya kuskure wanda ya dace, don haka a irin ranar da hannu za ka tashi dukkan gwaje-gwaje.

Ƙofar da ta ƙi buɗewa

Akwai wani rami da kusan kowa ke faɗawa a makon farko. Ƙungiya mai tsari takan kulle babban reshen rumbu, ta ce ba za a haɗe gyaran kowa ba sai gwaji kaza ya ba da kore. To, a GitHub, idan rariyar `paths` ta hana bututu tashi gaba ɗaya, gwajin da aka wajabta zai tsaya a matsayin "ana jira" har abada. Kai da ka gyara takarda kawai sai ka tarar ƙofa a kulle, ana jiran sakamakon gwajin da ba zai taɓa farawa ba.

Mafita ita ce a sauko da rariyar daga bakin ƙofa zuwa cikin gida. A bar bututu ɗaya ya riƙa tashi kullum, amma matakinsa na farko ya zama ɗan ƙaramin aiki da zai duba waɗanne foldoji aka taɓa. Ana iya yin haka da umarnin `git diff`, ko da wani kayan aiki da aka sani da `dorny/paths-filter`. Sauran matakan sai a ɗaura musu sharaɗin `if`, kowanne ya yi aiki idan an taɓa nasa. Bambancin shi ne, matakin da aka tsallake ta hanyar `if` GitHub na lissafa shi cikin waɗanda suka wuce lafiya, sai ƙofa ta buɗe. Farashin wannan dabara minti ɗaya ne a kowace turawa, domin GitHub na cike kowane aiki zuwa cikakken minti ko da daƙiƙa goma ya ɗauka.

Masu GitLab kuma ga naku: idan aka tura sabon reshe a karon farko, `changes` ba ta da abin da za ta kwatanta da shi, sai ta ɗauka an canza komai, ta tashi dukkan ayyuka. Ba lalacewa ta yi ba. Akwai `compare_to` da za ka gaya mata reshen da za ta auna da shi.

Maigadin dare

Komai ƙwarewarka wajen rubuta rariya, wata rana za ka manta da wani dogaro. Saboda haka a ajiye bututu guda da babu rariya a kansa, mai gina komai ya gwada komai, a sa masa lokaci da `schedule` ya riƙa tashi da dare. Agogon GitHub na bin lokacin UTC ne, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka idan ka rubuta ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyun dare zai tashi a agogon Nijeriya. Kafin ka dawo daga sallar asuba sakamako na jiranka. A lissafinmu na ɗazu, minti 22 sau 30 ya ba da 660. Haɗa da 1,230, ka samu 1,890, har yanzu ƙasa da 2,000. Idan ya matse, a mayar da shi sau uku a mako.

A ƙara masa `workflow_dispatch`, wanda ke ba ka maɓallin tashin sa da hannu. Sannan ku yi wa kanku doka: babu sigar da za ta fita zuwa wayar kwastoma ko uwar garken da jama'a ke amfani da ita sai cikakken gwaji ya wuce a kan wannan sigar. Rariya ta aikin yau da kullum ce. Ranar fitar da kaya ba ranar tsimin minti ba ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aikin ya fi ƙarfin rariya

Tunanin "a sake gina abin da ya canza kaɗai" ya girme mu duka. Tun 1976 Stuart Feldman ya rubuta manhajar Make a Bell Labs da ke Amurka, kuma abin da ta tsaya a kai shi ne ka rubuta mata wane fayil ya dogara da wane, ita kuma ta bi sarƙar. A 2016 injiniyoyin Google biyu, Rachel Potvin da Josh Levenberg, sun bayyana cewa kamfanin na ajiye layin kod kusan biliyan biyu a rumbu ɗaya. Babu mai iya rubuta jerin foldoji da hannu a irin wannan wuri. Abin da suke amfani da shi na'urar gini ce mai riƙe taswirar dogaro, wadda suka fitar da irinta ga jama'a da sunan Bazel a 2015. A duniyar JavaScript akwai Nx da Turborepo masu irin wannan aiki: ka taɓa `na-kowa`, su da kansu za su gano duk wanda ke sha daga gare ta.

Ku uku da foldoji shida ba ku buƙatar Bazel, kada ka ɗauko gatari don yanka albasa. Alamar cewa lokaci ya yi ita ce ranar da jerin `paths` ya yi tsawon da babu ɗayanku da zai iya rantsuwa cewa ya cika. Kafin wannan rana, abin da zai tsare ku shi ne tsabtar foldojin kansu. Kada manhajar waya ta miƙa hannu cikin `uwar-garke` ta ɗauko wani abu ta bayan gida. Duk abin da sashe biyu ke buƙata, a kai shi `na-kowa`. Ita kuma `na-kowa` kada ta zama juji, domin idan rabin kod ɗinku na cikinta, kowace turawa za ta tashi komai, kun koma gidan jiya.

Aikin wannan mako

Ba sai kana da kwastoma za ka koyi wannan ba. Rumbun da aka buɗe wa kowa ba a lissafa masa minti a kan injinan GitHub na yau da kullum, don haka filin atisaye kyauta ne. Idan kai ɗalibi ne, a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru, nemi GitHub Student Developer Pack da shaidar karatunka, yana ɗaga asusunka zuwa mai minti 3,000 a wata. Waɗanda ke cikin shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a 2023, su ma wannan abu ne da za su iya nunawa a aikace maimakon a baki.

Buɗe rumbu, yi foldoji uku da `na-kowa` ɗaya. Kafin ka rubuta layin umarni ko ɗaya, ɗauki biro da takarda ka zana akwati ga kowace folda, ka ja kibiya daga mai bayarwa zuwa mai karɓa. Kowace kibiya layi ɗaya ce a rariyarka. Bayan ka gama, ka yi abin da mutane da yawa ba sa yi: ka ɓata wani abu a `na-kowa` da gangan, ka tura, ka zauna ka gani. Idan duk bututun da ya kamata ya tashi ya tashi ya ba da ja, aikinka ya yi. Idan wani ya yi shiru, ka gode wa Allah da kai ka gano, ba Hajiya mai banda ba.

Wanda ya gwada ya ci karo da wata matsala, ya rubuto mana, za mu duba tare. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.